Foman, kada yaron nan ya sake ɗaukar kwano

Assalamu alaikum. Ni birkila ne, mutumin ƙasar Funtuwa, kuma ni ne foman na yara 14 a wani ginin bene da ake yi a Sangotedo, gaba da Ajah. Duk daga garinmu na kwaso su, a kangon ginin muke kwana, ɗaki ɗaya. Da aka sa dokar kulle saboda annobar korona aiki ya tsaya, alhali muna bin ɗan kwangila kuɗin mako uku. Mun cinye abin da muka tara, mun shiga bashi. Yanzu, a watan Mayu na 2020, an dawo, amma kamfani ya ce rabinmu ne kawai za su riƙa fita aiki, kowa da takunkumi, mai gadi zai auna zafin jikin kowa da safe, wanda aka samu da zazzaɓi kuma an sallame shi. Ɗan yayata, mai shekara 19, kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi da tari, ya ce ko ƙamshin miya ba ya ji. Da sahur yake haɗiyar farasitamol don na'urar ta wuce shi. Na sani, na yi shiru. Tsorona idan na faɗa a kore mu duka a ce 'yan Arewa sun kawo cuta, kuɗinmu ya bi ruwa. Ga zubin dekin ranar Asabar. Wasu yaran sun ce mu shiga tirelar da ta sauke shanu mu tafi gida, ga salla ga damina. Yaya zan yi? A sakaya sunana.

Wa'alaikumus salam, Malam Foman. Sannu da ibada, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba yaron lafiya.

Daga yau ɗin nan kada ya sake ɗaukar kwanon kankare. Ba sai an zuba dekin ba, ba sai an biya ku ba. Sauran maganganun duk za mu bi su, amma wannan ba ta jiran Asabar.

Zazzaɓi a Legas cikin watan Mayu, ga ruwa ya sauka, ga kwana a kango babu taga babu ƙofa, yana iya zama na cizon sauro. Tari ma mai shaƙar ƙurar siminti ba ya rasa shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗaukewar jin ƙamshi, domin tana cikin alamomin da likitoci suka fi gani a jikin masu korona, har ma matasa da cutar ba ta kwantar ba. Kai ba za ka iya raba gardamar nan ba, mai kemis ma haka. Gwaji ne kaɗai zai raba ta, kuma mutum na iya haɗa korona da zazzaɓin sauro a lokaci guda. Farasitamol zafin jiki yake kwantarwa na 'yan sa'o'i. Ba ya taɓa ƙwayar cutar, ba ya hana ta fita cikin tarinsa da numfashinsa ta shiga wanda ke miƙa masa kwano. Mu ma ajiye korona gefe. Yaro mai zazzaɓin kwana huɗu, da azumi a bakinsa, da kankare a kansa, yana hawa gadar katako zuwa bene, jiri ɗaya ya isa. Ka san irin faɗuwar da ake yi a wurin gini, ka kuma san da wane baki za ka kira yayarka a waya. Ya ajiye azumin. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a suratul Baƙara, ya sha ya rama bayan ya warke. Jikin da ke zazzaɓi ruwa yake nema.

A daren nan ka ware masa ɗaki shi kaɗai, mai shan iska, da gidan sauro, da butarsa da kofinsa da kwanon cinsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa kai masa abinci, da takunkumi, ya ajiye a bakin ƙofa, ya wanke hannu da sabulu. Ka zaɓi matashi mai ƙarfi, ban da dattijo, ban da mai ciwon suga ko hawan jini. Da safe ka kira layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ko na gwamnatin jihar Legas, waɗanda ake ta maimaitawa a rediyo. A Afrilun 2020 gwamnatin jihar ta buɗe wuraren ɗaukar samfurin gwaji a ƙananan hukumomi 20, ku kuma a Eti-Osa kuke. Gwajin gwamnati a 2020 ba a biyan ko sisi. Layin yakan yi cunkoso, wani lokacin a ce za a zo a yi jinkiri. Ka yi naci, ka sa wanda ya fi ku Turanci ya yi maganar, ya faɗi alamomin uku yadda ka faɗa mini. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko ya soma sambatu, to babu sauran jiran kowa, a nemi asibiti nan take, a kuma gaya musu gaskiya tun daga bakin ƙofa.

Na san jita-jitar da ke yawo a tasha da majalisa, wai wanda aka kai killacewa ba ya dawowa. Ba haka ba ne. Baturen Italiya da aka fara samu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba aka yi jinyarsa, cikin Maris aka sallame shi da ƙafarsa. A 2020 an yi jinyar mutane a Yaba da Onikan da Gbagada da asibitin koyarwa na Idi-Araba, an kuma sallami waɗanda suka warke. Mafi yawan masu shekarun yaronka suna tashi. Waɗanda cutar ta fi kayarwa tsofaffi ne da masu wata larura a jiki, kuma su ne muke karewa idan muka ware shi.

Kada ka yi masa faɗa. Yaron nan lissafi ya yi, kuma lissafinsa ba na mahaukaci ba ne: idan na faɗa a kore ni, idan an kore ni babu abinci, babu abin aikawa gida. Dokar kamfanin ce ta koya masa ɓoyewa. Na yarda da takunkumi, na yarda da rage cunkoso, na yarda da auna zafin jiki, ko da yake na'urar ba ta kama wanda ke ɗauke da cutar jikinsa bai nuna ba. Amma cewa wanda ya yi zazzaɓi an sallame shi, wannan doka ce marar kai. Duk wanda ya kafa ta ya sayi ƙarya da kuɗinsa, domin babu leburan da zai tona kansa idan sakamakon gaskiyarsa yunwa ce. Dokar lafiya a wurin gini ba ta zama da ƙafarta sai an ɗauke wa mara lafiya tsoron abin da zai ci. Kamfani bai yi wannan ba, to kai ka yi shi a tsakanin mutanenka. Ka tara su bayan buɗa-baki, a fili, da tazara, ka faɗa da bakinka cewa duk wanda ya kwanta cikin yaran nan, tuwonsa na nan, gurbinsa na nan. Ku kafa asusu: duk wanda ya fita aiki ya ajiye naira 200 a ranar. Mutum bakwai, naira 1,400 ke nan kullum, ta isa ta riƙe cikin mutum ɗaya ko biyu. Fita aikin ma a yi ta karɓa-karɓa, bakwai yau bakwai gobe, a rubuta a takarda a liƙa a bango, don kada a ce foman na fifita 'yan ɗakinsu. Ranar da suka ga ɗan yayarka ne farkon wanda ka zaunar, ranar za su yarda ba wasa kake ba.

Sai maganar da ka fi tsoro, ta sanar da kamfani. Ba zan rufe ka ba: tana iya jawo muku hasara. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi, idan gwaji ya tabbatar, bisa ƙa'idar 2020 za a ce su killace kansu kwana 14, domin cutar takan ɗauki har tsawon haka kafin ta bayyana. Ke nan dekin Asabar na iya wucewa ba da ku ba, ko a ɗaga shi. Akwai kuma ɗan kwangilar da zai ga ya samu hanyar zillewa bashi. Duk na auna wannan, amma har yanzu shawarata ka faɗa, kuma kai za ka fara faɗa. Ranar zubin dekin babu tazara: mutum na miƙa wa mutum kwano tun daga bakin injin kwaɓi har saman bene, ana haki, ana gumi, takunkumi na zamewa. A wurin akwai kafintoci Yarabawa, akwai masu ɗaurin rodi, wataƙila da 'yan Togo ko Kwatano masu tayil, akwai matar da ke kawo abincin sayarwa, kowa da iyalin da yake komawa wurinsu da yamma. Suna da haƙƙi a kanka ko da ba ka san sunayensu ba. Idan kuma yaron ya yanke jiki ya faɗi a gabansu, aka bincika aka gano foman ya sani tun kwana huɗu, to ba wannan aikin kaɗai ka rasa ba. Foman da sunansa yake cin abinci, injiniyoyin Lekki da Ajah kuwa suna da lambobin juna.

Ka je wurin injiniyan da ke kula da aikin, ba mai gadi ba, da shaida ɗaya daga cikin manyan yaranka. Ka ce masa yaronka ɗaya ba shi da lafiya, ka ware shi, ka kira hukuma, kuma kana so sauran su tsaya a ɓangarensu har sakamako ya fito. Bayan kun rabu ka aika masa da saƙon waya mai ɗauke da wannan maganar, don ta zama a rubuce da kwanan wata. Kada ka shiga kana sunkuyar da kai don kai ɗan Arewa ne. Cutar nan ta filin jirgin sama ta shigo, kuma Legas ce ta fi kowace jiha yawan masu ita tun farko. Kana ma da abin riƙewa a hannunka da ba ka lura da shi ba. A Mayun 2020 an rage yawan fasinjan da motar haya za ta ɗauka, an dakatar da acaɓa, ga dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Leburan da zai taso daga Agege ko Ikorodu ya iso Sangotedo, ya yi aiki, ya koma gida kafin takwas, ba shi da araha kuma ba shi da tabbas. Ku a wurin kuke kwana. Ɗan kwangila mai hankali ya san haƙurin mako biyu da mutanen da ya sani ya fi masa neman sababbi.

Bari in tsaya kan ɗakin nan naku, domin a ganina ya fi filin aikin haɗari. A waje iska na kaɗawa tana watsa numfashi. A ɗaki ɗaya, mutum 15 har da kai, kafaɗa da kafaɗa, dare guda cur, wanda ya yi tari kowa ya shaƙa. Ƙasar Singafo na cikin waɗanda aka yaba wa da iya shawo kan annobar da farko, amma cikin Afrilun 2020 cutar ta ɓarke mata, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu leburori ne 'yan ci-rani daga Indiya da Bangaladash, da yawansu ma'aikatan gini, masu kwana a cunkushe a manyan ɗakunan kwana. Talakawa irinku, masu aika kuɗi gida. Ta wurin kwana ta same su. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa korona cutar manya ce. Ku kuwa kuna da abin da su ba su samu ba, bene guda mai ɗakuna a buɗe. Ku watsu, biyu ko uku a ɗaki, kai da ƙafa, nesa da bakin bene da ramin matakala saboda dare. Cin tuwo a kwano ɗaya da zagaya kofi ɗaya a buɗa-baki, a dakata da su har a ga wucewar wannan abu. Na san da ciwo, domin shi ne ɗan zumuncin da ya rage wa baƙo a kurmi, amma a yanzu ta nan cuta ke bi. Salla ku yi ta a fili da tazara. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin hanya, a wanke hannu sosai kamar na daƙiƙa 20. Hannun da siminti ya tsattsaga ya fi jure sabulu da ruwa a kan sinadarin shafawa mai zafi, sai a bi da man shafawa. Takunkumi kuwa ba son ran kamfani ba ne, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya wajabta shi a bainar jama'a a ƙarshen Afrilun 2020. Na yadi idan ya jiƙe da gumi ya rage amfani, don haka kowa ya samu biyu ko uku, tela zai ɗinka da arha, a riƙa wankewa ana shanyawa.

Game da kuɗi, ka raba shi gida biyu, kada ka cakuɗa. Ladan mako ukun da kuka yi kafin ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris na 2020, lokacin da dokar kulle ta shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ta fara aiki a Legas, bashi ne tsantsa. Kun yi aikin, ginin na tsaye yana shaida, annoba ba ta goge shi ba, zazzaɓin yaronka ma ba zai goge shi ba. Amma mako biyar ɗin da kuka zauna har zuwa 4 ga Mayu, mai aikin jinga da ake biya kullum ba shi da ƙarfin cewa dole a biya shi. Wannan alfarma za ka nema, buhun shinkafa ko gari, musamman idan an ce ku killace kanku a wurinsu. Ka zauna ka rubuta sunan kowa, kwanakin da ya yi, da abin da yake bi. Duk saƙon da ɗan kwangila ya taɓa aiko maka na alkawari, kada ka goge. Ka nemi ya biya ko da rabi yanzu, ta banki, ya kuma sa rana ga sauran. Idan ya fara kwana-kwana, ka kai magana wurin Sarkin Hausawan yankinku ya sa baki, domin irin wannan sulhu shi ne aikinsu. Idan ta ƙi, jihar Legas na da cibiyar sasanta jama'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kyauta take sauraron irin wannan, kuma tun 2018 akwai kotun ƙananan basussuka a kotunan majistare, mai karɓar ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Ayyukan ofisoshi sun yi sanyi a lokacin annobar, amma takardarka ba ta ruɓewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku kwashe rodi ko siminti ku ce kun fanshe. Nan take mai bin bashi zai koma ɓarawo. Kafin kuɗin ya fito, kada ka ji kunyar sanar da limaminku da 'yan garinku da ke kasuwar Mile 12 halin da kuke ciki. Watan ciyarwa ne, ga zakkar fidda-kai na tafe.

Tunda kai birkila ne, ga wata magana ta sana'a da gaggawar dawowa ke sa a manta. Ginin da ya kwana mako biyar ba kowa, ruwa na dukansa, sai an sake duba shi kafin a ɗora masa nauyi. Gorar da aka tokare dekin da ita, katakon da ya sha ruwa ya bushe, ƙusar da ta saki, ƙasar da ta zaizaye a gindin tokara, duk a bi su ɗaya bayan ɗaya. Buhun simintin da ya sha danshi ya yi gudaji ba na dekin ba ne. Zubi kuma ba ya son tsayawa a tsakiya. Idan kankaren farko ya kama kafin na biyu ya same shi, wurin haɗuwar yakan zama rauni. Mutum bakwai masu azumi ba za su yi aikin mutum 14 a yini ɗaya ba. Ka gaya wa injiniya ko dai ya yanke zubin kashi-kashi, shi da kansa ya nuna inda za a tsaya, ko ya kawo injin ɗagawa, ko ya ɗaga ranar. Wannan ma hujja ce a hannunka ta cewa jinkirin ba hasara ba ne gare shi.

Tirela kuwa, ka hana, da duk girman da suke ba ka. A Mayun 2020 an hana zirga-zirga tsakanin jihohi in ban da kayan abinci da na larura, kuma an sha kama mutane a ɓoye cikin manyan motoci a kan iyakoki ana mayar da su ko a tsare su. Tafiya ce ta kwana da yini ko fiye, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, a cushe a bayan mota, ga zafi, ga kuɗin da za a tatse su a kowane shinge. Ko da sun tsallake duk wannan, me za su kai gida? Sun kwana ɗaki ɗaya da mai tari. Wanda ya sauka lafiya ƙalau a gani na iya ɗauke da ita, ya shiga ɗakin tsohuwa gaisuwa, ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya bi dangi barka da salla, a garin da asibiti mai iskar taimakon numfashi ke da nisan tafiya. Kun ji abin da Kano ta gani a Afrilun 2020, yadda dattawa suka riƙa tafiya, har aka rufe ta ruf. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Kuna cikinta, Malam. Ku zauna.

Damuwarsu ta damina gaskiya ce, ba zan raina ta ba, domin ɗan ci-rani da ya rasa shuka ya rasa shekara. Shi ya sa kuɗin mako ukun nan ya zama abin da za ka fi matsawa a kai a wannan makon. Da ya shigo, kowa ya tura rabonsa gida ta banki ko ta mai POS, ƙani ko ɗan'uwa ya sayi iri da taki, a ɗauki 'yan ƙwadago su yi sharar gona da shuka. Idan an buɗe hanya suka cika kwanakinsu lafiya, sai su tarar da noman farko.

Ka kira yayarka yau, kafin labari ya je mata ta bakin wani a karkace. Ka gaya mata ɗanta na zazzaɓi, ka ware shi, ka nemi likita, kuma kana kusa da shi. Ka ba shi wayar su gaisa. In sakamakon gwajin ya fito, ko ɗan kwangila ya yi gardamar biya, ka sake rubuto mini mu duba mataki na gaba.